Ranar da Aka Sake Haihuwar Saja Harak

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka, amma ban da mai sa kuka.

To yau kam sai haƙuri, don wannan ba ta aljanu ba ce. Labarin yayana ne, Harak Singh, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kun dai san tsaunukanmu na Kumaon, gona ba ta ciyar da gida, sai a haifi namiji a kai shi soja. Harak ya tafi yana ɗan shekara goma sha bakwai, har ya zama saja. Shekarar da aka yi yaƙi da Sin, aka tura su wani tudu mai ƙanƙara. Shugabansu wani saurayi ne ɗan birni, Kyaftin Sehgal, gashin bakinsa ma bai gama fitowa ba. Da abokan gaba suka yi musu yawa, sai ya ce dole mutum ɗaya ya tsaya da babbar bindiga ya tare hanya, sauran talatin su sauka da masu rauni. Kafin ya rufe baki Harak ya ce shi zai tsaya. Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Riƙe min wurin nan, Saja. Zan dawo in ɗauke ka."

Mutum talatin ɗin nan duk sun tsira. Mu kuwa takarda muka samu, da sa hannun Kyaftin, cewa Harak ya mutu mutuwar jarumai.

Da yake babu gawa, aka yi yadda ake yi. Pandit Tiwari, mai yi mana addu'o'in haihuwa da na mutuwa, ya ɗaure ciyawa siffar mutum, aka sa mata rigar Harak, aka kai bakin kogi aka ƙona. Matarsa Basanti, shekararta ashirin da uku, aka farfasa mata awarwaro, aka goge jan garin da matan aure ke sawa a tsagar kai, aka cire mata zoben hanci. Mai gari Diwan Singh ya sa aka kafa dutse da sunan Harak a bakin hanya. Ƙauyuka bakwai suka zo kallo, mai gari sai hura hanci yake kamar shi ya riƙe bindigar.

Wata bakwai bayan haka ina tafe da damin ciyawa a ka, sai na ga wani ramamme yana hawowa da sanda. Ya ce, "Khashti, har yanzu kina tafiyar agwagwar nan?" Na yar da damin na kurma ihu. Ashe da harsashi ya ƙare kama shi aka yi, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa guda huɗu, sai yanzu aka sako shi.

Inna ta fito da gudu, Basanti na bayanta. Amma Pandit Tiwari ya riga su, ya gitta sandarsa a ƙofar gida.

"Kada wanda ya taɓa shi! Mutumin nan an ƙona shi, an yi masa sadakar kwana goma sha uku. Matacce ne."

Harak ya yi dariya. "Pandit, matattu na jin yunwa? Ni dai ina ji."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Pandit ya ce hanya ɗaya ce: a sa shi cikin ƙatuwar tukunyar tagulla da ake dafa shinkafar biki, a zuba ruwa da man shanu, ya dunƙule hannu ya yi shiru kamar ɗan tayi, a ciro shi, a ba shi madara da cokali, a raɗa masa sabon suna, sannan a sake ɗaura musu aure da Basanti.

Harak ya ce, "Sabon suna? Nawa sunan fa?"

Mai gari ya ce, "Ai yana jikin dutse, ɗana. Wancan Harak jarumi ne. Kai kuwa, kada ka ji haushi, hannu ka ɗaga."

"Baba Diwan, kai da ba ka taɓa jin harbi ba sai na bikin aure?"

Daga nan ya rantse ba zai shiga tukunyar kowa ba. Tunda an hana shi hawa saman bene inda muke kwana, sai ya tare a ƙasan gida, inda muke ɗaure shanu. Kullum Basanti ta gasa gurasar tamba ta ɗora a kan ganye, ta ajiye a bakin ƙofa ta ja da baya. Wata biyar ana haka. Ina jin ta tana ce masa, "Mai gida, yini ɗaya ne fa. Ka dube ni, miji na ƙasa, ni ina sama da farin zane, ko rijiya mata ba sa son in riga su zuwa." Shi kuwa sai ya ce, "Bari Kyaftin ya zo. Na aika masa. Shi ya rubuta, shi zai goge."

Ya kuwa zo, bayan damina, yanzu ya zama Manjo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin shanu ya sara wa Harak. Ya shiga ya zauna a kan kashin shanu da kakinsa, ya gutsuri gurasa daga ganyen Harak ya ci, kowa na kallo. Sannan ya fito ya faɗa wa mutane abin da yayana ya yi a kan tudun nan. Pandit ya bari ya gama, ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar bariki a bariki take. Kai ma sai ka yi wanka kafin ka shiga gidan wani."

Manjo ya koma ciki. Ina laɓe da bokitin tatsa, na ji komai.

Harak ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga gawata?"

"Ban gani ba."

"Ka dawo?"

"An hana ni. Da bindigar ta yi shiru, sai na rubuta. Na ce gara iyalinka su huta da jira." Sannan ya ce, "Na gyara takardun bariki, amma nan ƙarfina bai kai ba. Matarka na can tana ƙarewa. Saja, ka shiga tukunyar."

"Roƙo ne ko umarni?"

"Umarni ne."

Yayana ya miƙe a kan ragowar ƙafarsa ya sara masa.

Washegari da hantsi aka yi. Mutumin da ya tare runduna shi kaɗai, ga shi tsirara sai ɗan bante, a naɗe cikin tukunya, maza na rufe baki suna ƙyaƙyatawa. Wani ya ce, "Kai, jaririn nan da gemunsa ya zo!" Inna ce ta ba shi madara, har ta zuba masa a ƙirji. Pandit ya raɗa masa suna Bachi Ram. Manjo na tsaye a rana tun farko har ƙarshe, bai ko motsa ba. Da yamma Basanti ta sa sababbin awarwaro, yayana ya hau sama.

Sun haifi 'ya'ya uku, ya hana ko ɗaya shiga soja. Bai sake yi wa wani namiji na ƙauyen nan magana ba sai da dole, ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya. Basanti ta bi shi bayan shekara tara. Manjo ya ajiye aiki tun shekarar da aka sa yayana a tukunyar, kowace kaka yana aiko da wasiƙa, Harak bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Pandit da mai gari kuwa sun tsufa cikin girma da arziki, kowa ya mutu a kan gadonsa.