Fuskar Mai Gona

Ta ramin zana Atika ta hango baƙon. Saurayi ne da rigar kamfani ruwan ganye, ya jingine babur a gindin dogon yaro, yana ta shafa wata faffaɗar waya. Ba a daɗe da yin sadakar bakwai ta mijinta Abdulaziz ba, tabarmin zaman makoki ma ba a gama mayar wa masu su ba.

Inna, uwar marigayin, ita ta fita gare shi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce sunansa Mansur.

“Inna, kamfanin ga albasa shika saye, a busar, a niƙa, a ɗora ma jirgin ruwa. Masu saye can ƙetare sun ce kowane buhu sai sun san gonar da yah hito. Mai gona shi tsaya cikin gonatai in ɗauki huskatai, mu zagaye iyaka da waya, manhaja ta riƙe. Jibi za a ruhe rajista.”

“Mai gona na ƙasa, ɗana,” in ji Inna. “Matatai na takaba. Ba ta hita tsakar hili namiji shi ɗauke ta hoto, gari na kallo.”

Sai ga Mijinyawa, wan marigayin, mutumin da gonarsa ta gero sai ciyawa ta kai gwiwa yake tunawa da ita. Ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai kamar tausayi zai kashe shi.

“Ni tsaya ma ɗiyan ƙanena. Ai hoto ɗai na.”

Atika ta ji daɗi har ranta. Ta dama fura da nono mai kauri ta aika masa, tana cewa a zuci ashe Allah bai bar marayunta ba.

* * *

Tana fita takaba ta ɗaure zane ta shiga fadama. Filin nan shi ne duk abin da Abdulaziz ya bar mata da ’yarta Sumayya da jaririn da ke bayanta. Ita ta yi dashe, ita ta bi fangali ɗaya bayan ɗaya da ruwa, ita ta yi ta fama da tsohon injin ban ruwa da sai an roƙe shi yake tashi. Mijinyawa bai taɓa tako wurin ba. Albasa kuwa ta yi, manya jajaye masu ƙyalli, har masu wucewa zuwa Dandin Mahe sukan tsaya su sa albarka.

Dillalan da suka saba shigowa ƙauye da motoci sun ɗauke ƙafa, tunda kamfani ya kwashe manoman yankin kaf. Hanya ɗaya ta rage, wato rumfar kamfani a Bodinga. Can Atika ta bi amalanke da buhunanta, ta shiga layi cikin maza da rana tsaka.

Da aka zo kanta Mansur ya ɗaga wayar saitin fuskarta. Abin ya yi ƙara, ya kawo ja. Ta gyara lulluɓi, ya sake, ya sake kawo ja.

“Baba, ba ki ciki. Gonag ga huskar Malam Mijinyawa ta sani.”

“To ka gaya mata ni ce. Ai kana nan ranar, ka ji abin da anka yi.”

“Na ji, wallahi. Amma manhajag ga ba a gaya mata magana. Can wata ƙasa anka gina ta, ko ogana da ke Legas ba shi iya taɓa ta. Sai mai huska ya saki da kainai.”

Aka kira Mijinyawa a waya. Ya iso a bayan ɗan acaɓa da sabuwar hula, ya tsaya gaban wayar yana murmushi, nan take ta kawo kore. Aka manna wa kowane buhu ’yar takarda mai zane-zanen baƙi, aka loda a tirela. Wayar da ke aljihun Mijinyawa ta yi ƙarar shigar kuɗi, ya dafe ta ta saman riga.

“Yaya, sai ka saki gonar tunda ga mu gaban Mansur,” in ji Atika a hankali.

“Mace ba ta magana cikin kasuwa. Mu tai gida.”

A gida ma ba a yi maganar ba. Da damina ta ja baya, sai ta wayi gari ta ga ’yan ƙwadago suna gyara fangalinta, an ce Mijinyawa ya sa su.

* * *

Ta kai ƙara wurin mai gari. Ba ta ji tsoro ba, don babu wanda ya kai shekarun aure a ƙauyen da bai san filin Abdulaziz ba ne. Liman ne ma ya yi shaidar ciniki lokacin da ya saye shi. Ta zauna a bakin zaure daga waje, dattawa suna ciki, Mansur yana gefe da wayarsa a cinya.

Mijinyawa ya zaro takarda mai hoton fili daga sama, ga fuskarsa a kusurwa. Dattawa suka riƙa miƙa wa juna, wasu ma a juye suka riƙe ta, suna jinjina kai.

Mai gari ya juya ga Mansur. “Yaro, mi kamfani ka cewa?”

Mansur ya ɗaga wayar. “Ranka shi daɗe, akwai wurin da nika dannawa in an samu rikicin gona. Masu saye sun ce ba su cin abin da anka ƙwace ma wani. In na danna, manhaja na ruhe garin ga duka, ba a sayen ko ƙwara guda nan sai an aiko masu bincike.”

“Yaushe suka zuwa?”

“Wani gari wajen Mandera na jiran su tun bara.”

Dattawan zauren suka dubi juna. Kowane mutum a ciki ya riga ya zuba iri, kowa yana da bakunan da yake ciyarwa a gida. Dokar da aka yi don irin su Atika ita ta juyo da idanun gari duka kanta, kuma babu ido ɗaya mai tausayi a ciki. Ta dubi Liman. Liman ya tsura wa carbinsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

Inna, wadda ta biyo ta wurin, ita ce ta rarrafo kusa da ita, ta kama hannunta ta matse har sai da ya yi zafi.

“Ɗiyata, ki rufa muna asiri. In kin kashe garin ga, ina za ki zauna? Wa ka auren Sumayya?”

Abin ya yi wa Atika ciwo fiye da mutuwar, domin ita mutuwa ba ta nemi yardarta ba.

“Atika,” in ji mai gari, “yaron ga na jiran amsa. Akwai rikici?”

Jaririn ya motsa a bayanta, ta jijjiga shi. Ta daɗe tana kallon takalman dattawan da aka jere a ƙofar zaure.

“Babu, ranka shi daɗe.”

Mansur ya danna wani wuri ba tare da ya ɗago ba, ya tura wayar cikin jaka. Zauren ya saki numfashi, har wani ya yi dariya. Mai gari ya yaba da hankalinta, ya ce a yi wa Abdulaziz addu’a, mutumin kirki da bai bar rigima a bayansa ba.

Liman ya fara, muryar Mijinyawa ta fi ta kowa ƙarfi wurin amin. Atika ta ɗaga tafukanta da suka tsattsage, ta jira aka kai Fatiha, ta shafa tare da su.