Kekena da Miksar Auta

Ni ban yi boko ba, amma na san kayana. Da keken ɗinkin nan na rufa wa 'ya'yana asiri. Na dawo daga jinyar ƙanwata, na tarar da wurinsa wayam. Autana ya kai wa dillali, ya karɓo wani faranti mai maɓallai jere kamar haƙoran kada, wai miksa, ta haɗa sautin waƙa.

"Inna, situdiyo ba miksa ai ɗakin kwana ne," in ji shi. "Kuma keken ya tsufa."

"Uwarka ma ta tsufa. Kai ta wajen dillalin mana!"

Situdiyon fa ɗakin baya ne, ya lilliƙa katifu a bango. Mawaƙa in sun zo, sai ya zauna gaban miksa, ya tura wannan, ya jawo wancan, yana kaɗa kai kamar matuƙin jirgi. Na kai ƙara gun baffansa, ya ce in yi haƙuri, zamani ne. Haƙurin me? Da zamani zan ɗinka zane?

Ran nan ina shara ƙarƙashin teburin, tsintsiya ta jawo wayoyin miksar a ƙulle cikin ledarsu, ko kwancewa ba a yi ba. Ta wuta kaɗai aka jona, don fitilu su riƙa ƙyalli.

Na mayar da ledar, na jira. Da wata mawaƙiya ta zo tana tsakiyar rerawa, na shiga na fizge wayar wutar miksar. Fitilu suka mutu. Muryarta kuwa ta ci gaba da fita a lasifika, tas!

Ta zare abin sauraron da ke kunnenta. "Mama, au, dama ba ta aiki?"

Auta ya hau susar ƙeya. "Ƙaramin akwatin nan da kwamfuta ke yin komai. In ba a ga miksa ba, ba a yarda situdiyo ne."

"Wato ado ka saya da kekena? Ɗora mini ita, 'yata."

A kaina na ɗauke ta, na kai wa dillalin. Ya ce ciniki ya faɗa. Na shimfiɗa mayafi a ƙofar shagonsa, duk wanda ya zo sai ya ji labari daga tushe. Kafin rana ta karkata, shi da kansa ya nemo mai baro ya maido mini kekena gida.

Yanzu kekena na kan teburin nan, daidai gurbin miksa. In za su ɗauki waƙa, Auta kan durƙusa: "Inna, don Allah ɗan dakata, ƙarar keken na shiga waƙar."

Nakan ce, "Bari in ƙarasa bakin zanen nan tukuna."