Hannun Baba Zacchaeus

Kamila ta zare faifan ajiyar karo na talatin da bakwai, ta jira har allon ya nuna ya fita, sannan ta mayar. Injin ko gezau. Fitilunsa sai ƙyaftawa suke, kamar ba shi ne ya tsayar da ɗakin gwajin jinin nan na Sabon Gari cak ranar Litinin ba.

Ita wannan babbar kwamfuta, mai riƙe da sakamakon duk majinyatan wurin, an ƙera ta ne yadda za a sauya mata faifai tana cikin aiki. Ranar Litinin faifai ɗaya ya lalace, karo na farko tun da aka sayo ta, Baba Zacchaeus mai kula da na'urori ya sauya shi, komai ya daskare. Mutane suka wuni a benci suna jiran takardunsu. Madam Uchechi, mai wurin, ta riga ta yanke hukunci tun kafin ta ɗauko Kamila daga shagonta na Titin Ibrahim Taiwo: tsufa ya kama dattijon, sallamarsa za ta yi. Rahoton injiniya kawai take jira, don kar a ce ta yi zalunci.

Kamila kuwa tana zargin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da injin, domin daga can saƙon ƙarshe ya fito kafin ya mutu. Amma zargi ba shaida ba ne. Shi ya sa ta zaɓi Lahadi, wurin a rufe, ta kwafe komai a gefe, tun hantsi take neman ta kashe injin da gangan ya ƙi mutuwa.

Da aka taso daga coci Madam da Baba Zacchaeus suka iso. Dattijon ya zauna a bakin ƙofa cikin farar shaddarsa, ya cusa hannayensa tsakanin gwiwoyi. Tausayinsa ya kama Kamila.

"Baba, zo ka sauya da kanka in gani."

"'Yata, an ce kar in ƙara taɓa shi."

"Ni na ce. In ya mutu, a wuyana."

Ya dubi Madam, ta ɗaga kafaɗa. Ya cire agogonsa, ya goge tafukansa a hankici, ya riƙe sabon faifai a hagu, ya ɗora babban yatsan dama a kan maɓallin tsohon. Kamila ta juya za ta kalli allo, kafin idonta ya isa har ta ji ƙas. Ya gama. Allon ya cika da farin rubutu, injin ya sandare.

Baba Zacchaeus ya ja da baya. "Kin gani ko. Ni ne."

"To, magana ta ƙare," in ji Madam a hankali.

"Yanzu ma ta fara," in ji Kamila. Fuskarta ta washe kamar wadda aka yi wa albishir.

Ta tayar da injin, ta sa dattijon ya sake, tana auna lokaci da wayarta. Sau goma ya yi, sau tara injin ya mutu. Cikin daƙiƙa biyu dattijon yake sauyawa, ba ya ko kallon hannunsa. Ita da take taƙama da yarinta ta gwada iya saurinta, ta ƙare a biyar, har ta karya farce a banza.

"Madam, in an zare faifai, kanel na buƙatar kamar daƙiƙa uku ya gama mantawa da shi. Kafin ya gama, Baba ya riga ya sa sabo, sai kanel ɗin ya rikice. Littafin injin bai ce a jira ba, na karanta shi kaf. Waɗanda suka rubuta manhajar ba su zaci akwai mai irin wannan hannun ba. Yau zan tura musu shaidar su gyara."

Madam ta juya ga dattijon. "Baba, saurin na mene ne haka?"

"Shekara ashirin da shida ina yi. Ba na son in bar gurbin a buɗe, Madam. Jinin mutane ne a ciki."

Ta gyara ɗankwalinta, ta nufi ƙofa ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Gobe ƙarfe bakwai. Kar ka makara."

Da ta fita, Kamila ta ce, "Kafin gyaran ya zo, Baba, in ka zare sai ka ƙirga goma."

"Goma? Har goma?"

"Gwada mu gani."

Ya zare faifan, ya tsaya da sabon a hagu, ya fara ƙirgawa a fili yana kallon gurbin. A huɗu hannun ya soma tafiya da kansa. Ya kai na daman ya riƙe shi gam, ya ce, "Biyar."