Ƙararrawar da Baffa yake sa ni saurare

Babana ne yake wana agogon hasumiyar tsohon gari har ya rasu, sai ƙaninsa ya gaji makullin. Duk tsawon karatuna a waje, Baffa yakan kira ni da tsakar rana, ya ɗaga waya sama in ji ƙararrawa.

"Ka ji agogon ubanka? Ina riƙe maka shi."

Saboda wannan maganar na ƙi aikin da aka ba ni a can, na dawo da akwatin kayan gyara.

Washegari na ce mu hau. Baffa ya ce gwiwa ta hana shi. Na karɓi makullin, ya biyo ni duk da haka, yana haki.

Ɗakin saman fayau yake. Babu inji, babu ƙararrawa, sai ramukan kusoshi a daɓe da kashin tattabaru. Wani ɗan injin batir ne yake juya hannayen agogon. An ɗaure lasifika a taga da wayar ƙarfe.

"Baffa, ina agogon Babana yake?"

"Masu wani otal ne suka ɗauke shi, yana zaurensu ana ɗaukar hoto. Ni na buɗe musu ƙofa."

"Yaushe?"

"Shekarar da ka tafi."

Sha biyu ta yi, lasifikar ta buga. Ita ce muryar da na sani a waya.

"Da na faɗa maka, Bature, za ka dawo?"

Na ajiye masa makullin a kan taga, na ɗauki akwatina na sauka.