Kwabon Dalma

Ƙanshin burodi ne ya sa Geesje ta yi ƙarfin hali ta tura ƙofar shagon. Kwana biyu ke nan da ta tsere daga gidan horon mabarata na tsakiyar fadama, rungume da jaririyarta Aaltje, domin a can da an yaye yaro ake raba shi da uwarsa. Ta jefa rigar gidan a kududdufi, ta sa wata da ta zare a igiyar shanya.

"Shigo mana, 'yar nan, kin tsaya kamar an dasa ki," in ji Hille, dattijuwa mai shagon.

"Burodi ɗaya, Inna. Baƙi."

"Kai, ga kumatu! Ina uban? Ko shi ma kwalba ya aura kamar nawa?"

"Ina jin ki, tsohuwa," in ji mijinta Wubbe daga gindin murhu, lofe a baki.

Geesje ta yi murmushi, ta kwance bakin ƙyallenta, ta ajiye kwabo a kan teburi.

Tana da shekara huɗu aka kama su da uwarta suna bara. Tun ranar ba ta taɓa riƙe wani kuɗi ba sai wannan dalmar mai haruffa biyu, wadda ake biyan su da ita ladan noma. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa bayan ganuwar gidan dalmar ko gishiri ba ta saye.

Hille ta yi maza ta kife tafinta a kai. Amma dalma ba ta ƙara kamar kuɗin sarki, kuma Wubbe ya ji yadda ta faɗi.

"Ɗaga hannunki, Hille."

"Don Allah, Wubbe. Ba ka ga goyo ba?"

"Na gani. Tukuici gidan horo ke bayarwa a kan kowane kai da ya tsere." Ya miƙe, ya jingina bayansa da ƙofa.

Geesje ta dubi taga. Tagar ta yi ƙanƙanta.

* * *

Da la'asar keken dokin da ya ɗauko Geesje ya tsaya a bakin gadar gidan horon. Mai gadi ya dube ta sama da ƙasa.

"Gimbiya ta dawo daga yawon buɗe ido? Wadda ta iya tafiyar kwana biyu ai 'yarta ta isa yaye."

Wata mata mai makullai a ƙugu ta ɓamɓare yatsun Aaltje daga wuyan Geesje ɗaya bayan ɗaya, ta nufi ɗakin yara da ita.

Geesje ta tsaya a layin askin waɗanda aka kamo, hannuwanta a sake. Kukan ya yi nisa har ya ɓace. A hankali nono ya fara jiƙa gaban rigar.