Shaidar Kan Rufi

Ƙanena kafinta ne. Rufin kwano ya yi duk rayuwarsa, har unguwa ta manta da sunansa, Kafinta kawai ake ce masa. Gida ɗaya muke, ɗakinsa na kallon nawa. Gemunsa ya yi fari fat, amma hankali bai zo tare da furfurar ba.

Bara ya faɗo daga tsani ya karye a ƙugu. Da ya warke, 'yarsa mai aikin jinya a asibiti ta kafa masa sharaɗi a gabana. Ranar da ta ji ya sake taka tsani, ranar zai koma gidanta da zama. Gidan nata ba tsakar gida, ba tsuntsu, sai kujerun kushin da talabijin da jikoki masu tsalle a kan mutum. Kafinta ya ce kurkuku ya fi. Ya yi mata alkawari.

Alkawarin bai yi nisa ba. Yana da kejin tattabaru a saman ɗakinsa. Ya gaya mata da igiya da bokiti yake aika musu hatsi. Ƙarya ce. Kullum da hantsi sai ya jawo tsani daga bayan tankin ruwa, ya hau yana nishi. Ina gani. Ban faɗa ba, ni ba ɗan kai rahoto ba ne.

Ana haka wani da ake ce wa Mai Hoto ya kama haya a gidan da ke bayanmu. Saurayi ne mai fara'a fiye da ƙima. Yana da ɗan jirgin nan maras matuƙi, mai fanka huɗu da kyamara a ciki, wanda ke kuka kamar taron zuma. Wata safiya Kafinta na sama da kwanon hatsi a hannu, jirgin ya taso ta kan katanga ya tsaya daidai fuskarsa. Suka kalli juna. Jirgin ya juya ya tafi abinsa.

Da yamma Mai Hoto ya shigo gaisuwa. Ya durƙusa kamar mutumin kirki. Ya tambayi ƙugu, ya tambayi tattabaru, ya ce a gaishe masa da Anti mai jinya, ai yana da lambarta. Ya ƙara da cewa iskar sama tana da kyau ga dattawa. Kunnen Kafinta ya ji saƙon.

Daga ranar ƙanena ya zama lauya. Mutumin da ko takardar magani ba ya dubawa ya je har ofishin da ke kula da irin waɗannan jirage, ya zauna ya yi tambaya. Ya dawo yana haddace abin da aka gaya masa: sai an yi wa abin rajista, sai mai shi ya samu lasisi, ba a matso da shi kusa da mutum, ba a ratsa gidan wani da shi sai da yardar maigida. Ya karanta wa mai shago, ya karanta wa mai wanki, ya karanta min har sau ba adadi. Kuma ya shigar da ƙara. Lissafinsa shi ne a ƙwace jirgin da duk abin da ke cikinsa.

Na ce masa ya bari. Yaron ba zai iya nuna hoton ba, don hoton ne zai kama shi. Kafinta ma ba zai iya ba da shaida ba, don shaidar ce za ta kama shi. Kowa ya riƙe bakinsa, a zauna lafiya. Ya ce, "Yaya, kai ba ka san doka ba."

Ya zaɓi ranar da 'yarsa ke aiki don jami'in ofishin ya zo. Aka canza mata lokacin aiki. Ta shigo da ledar magani, ta ga baƙo da hular ofis, ta jawo kujera ta zauna.

Mai Hoto ya nuna rajista da lasisi, komai cif. Ya ce a saman gidansa kaɗai ya tashi jirgin, can sama nesa da kowa. Jami'in ya nemi hoton ranar. Mai Hoto ya ce gwaji yake yi, bai ɗauki komai ba. Yana faɗa yana kallon Kafinta da gefen ido.

Jami'in ya juya ya tambayi Kafinta inda yake a lokacin.

"A gidana."

"A ina a gidan, Baba?"

"A cikinsa."

Jami'in ya yi murmushi ya fara tattara kayansa. Mutum ne mai ladabi, ladabin ne ma ya ɓata komai. Ya ce babu shaida, a bar maganar. Ya ce idan mutum na ƙasa, abu kan yi kamar yana bisa kansa alhali yana can nesa, balle idon da ya kwana biyu. Mai Hoto ya ɗora da cewa Baba ya sha aiki, shi zai raka shi a yanka masa tabarau.

Na ga wuyan ƙanena ya miƙe. Wannan ido ne da ke jera kwano ba tare da zare ba, abin da ya fi alfahari da shi a duniya. Na taka masa ƙafa. Ya janye.

"Wa ya ce maka daga ƙasa na gani?"

"To daga ina, Baba?"

"Daga kan rufi, gefen keji. Da na miƙa hannu da na cafke shi. Iskarsa ta watsar min da hatsi, ta kusa cire min hula. Hau ka duba, hatsin na nan a kwarin kwano. Tsani na bayan tanki."

'Yarsa ba ta ɗaga murya ba.

"Bayan tanki ka ce, Baba?"

Ta miƙe ta shiga ɗakinsa. Muka ji ƙarar buɗe akwati.

Mai Hoto ya ga ɓoyo ba shi da sauran amfani, ya fito da hoton. Ga Kafinta nan tsaye a kan rufi, baki buɗe, hula a karkace, tattabara a kafaɗa. Jami'in ya yi tari mai tsawo a cikin hannunsa. Sannan ya dakatar da lasisin, ya ce jirgin ba zai sake tashi ba sai an kira mai shi ofis.

Kafinta ya shiga motar 'yarsa yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Sai da ta tada mota ya tuna. Ya sauke gilashi ya yafito Mai Hoto, ya rage murya.

"Kai yaro, na ba ka izini. Gobe da hantsi ka tashi abin nan ka duba min ko akwai ruwa a keji."

"An dakatar da ni, Baba."

"Wane marar tausayi ne ya yi wannan?"

'Yarsa ta ɗaga gilashin.