Shaɗara Huɗu da Sunan Raliya

Sau uku Haliru ya buga lambarsa ta sirri, sau uku kwamfutar ta ƙi buɗe masa. A na huɗu ya doki teburin har kofin shayin da ke gefe ya yi tsalle.

"Ba lalacewa ta yi ba, Baba Haliru," in ji Solomon daga bayansa. "Ni na canza lambar. Manaja ne ya ce."

Haliru ya juyo a hankali. Solomon injiniya ne da hedkwata ta turo daga Minna, mutumin Rijau, mai farar riga da biro uku a aljihu. Mako biyu ke nan yana abin da ya kira shara a cikin na'urar ofishin tarho na Kontagora. Yana bin umarnin da ke nuna wa kowane kira hanyar da zai bi, ya miƙe karkatacce, ya goge na banza. Kuma a faɗi gaskiya, ya san aikinsa. Shekara biyu duk wanda ya kira garin Beri sai wani lokaci kiran ya faɗa tashar mota, Solomon ya gano dalilin cikin wuni ɗaya. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona wa Haliru rai.

"Na duba takardar da injin ya fitar da safe," in ji Haliru. "Shaɗara huɗu na umarni babu. Ina suke?"

"Waɗanda aka sa wa suna Raliya? Na goge su. Ba su cikin littafin kamfanin da ya haɗa injin, ba bayani a kansu, ba sa hannu. Abin da suke yi kawai su buɗe tsohon layin rediyon da ke kai kira Kumbashi."

"Ka mayar da su."

"Ka gaya min amfaninsu tukuna."

"Injiniya, ranar da na fara soka waya a allon haɗa kira na ofishin nan, uwarka ba ta yaye ka ba. Ka mayar da su kafin ruwa ya sauka."

Solomon bai ɗaga murya ba, irinsu ba sa ɗagawa. Ya ce Manaja na jiransu.

Haliru bai yi boko mai nisa ba. Da aka kawo na'urar a shekarar 1991, shi ya riƙe wa masu haɗa ta tocila wata uku, yana kallon yatsunsu, yana kwafe duk abin da suka buga a wani littafi mai baƙin bango. Da suka tafi, sai ya zama a garin kaf shi kaɗai na'urar ke jin maganarsa. Kuma bai iya riƙe abu da lamba ba, da suna yake riƙewa. Duk gyaran da ya yi sai ya laƙaba masa sunan wanda ya jawo shi. Akwai Maigandi, akwai Mai Kanti, akwai Alƙali. Solomon ya mayar da su duka lambobi, Haliru ya haɗiye. Waɗannan huɗun ne ba za su haɗiyu ba.

Manaja Abdulsalami mutum ne mai son a zauna lafiya, musamman da hedkwata. Ya turo wa Haliru takarda a kan tebur ba tare da ya dube shi ba.

"Malam Haliru, takardar tuhuma ce. Rahoto ya nuna an buɗe hanya ta ɓoye a cikin injin, da sunan wata mace. Kai ma ka san yadda za a karanta wannan a Minna."

"Yaya za a karanta, Yallaɓai? Faɗa min da bakinka."

"Haba, mu manya ne. Mutum da shekarunka, da iyalinka..."

Shekara ashirin da tara Haliru yana aiki, ko kiran minti ɗaya bai taɓa sata ba, yau an ɗaura masa farka a Kumbashi. Maganar tana bakinsa, kalma uku ta isa ta rufe bakin kowa. Ya ƙi fitar da ita. Ba a gaban mai biro uku ba.

"Ku ajiye zancen mace," ya ce. "In ruwa ya shiga kebul ɗin Kumbashi, ɗakin shan magani na can ba zai samu asibitin gari ba. Shaɗarorin nan su ne maganin abin. Ga hadari nan yana haɗuwa tun shekaranjiya."

"Ba gaskiya ba ne, Yallaɓai," in ji Solomon. "In kebul ya mutu, injin da kansa yake komawa rediyo. Haka aka gina shi. Ku zo in nuna muku."

Suka koma ɗakin na'ura. Solomon ya kira Kumbashi, ya samu Marta, nas ɗin da ke riƙe da ɗakin shan magani, ya ce ta kira su bayan minti biyu. Ya zare kebul ɗin daga mazauninsa, wata fitila ta koma ja. Minti biyu cif tarho ya yi ƙara, muryar Marta ta fito tangaram ta rediyo. Solomon ya mayar da kebul, ya buɗe hannuwa. Manaja ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"Wannan zarewa ce," in ji Haliru. "Ruwa ba ya zarewa. Ruwa jiƙawa yake yi."

"Baba, layi ko yana da rai ko ya mutu. Babu na uku."

"A littafinka."

Ya fizge tarhon daga hannun Solomon. "Marta, Haliru ne. Ki yi ta kiran lambar nan kowane minti biyar har la'asar. Ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, kada ki fasa."

Marta ta ce, "Haliru, kada ka ce min abin nan ya dawo."

"Ki dai yi ta kira."

Ya ajiye, ya fita bai sallami kowa ba. A bakin ƙofa ya ɗauki bokitin mai tuwon da ke sayar wa ma'aikata abinci, cike da ruwan wanke kwano, ya ɗaure a bayan kekensa. Tana kiransa, bai waiwaya ba.

Ramin kebul ɗin yana gindin kwalbatin da ke hanyar fita gari. Tafiyar kwatan awa ce a keke, rana tana dukan ƙeya, ruwa yana fallatsa a bayan rigarsa. Duk hanya yana zagi ƙasa-ƙasa. Ya zagi Minna, ya zagi littafin kamfani, ya zagi Manaja da kujerarsa mai juyi. Da ya iso ya ɗaga murfin kankare, ga mahaɗar kebul ɗin nan da tsaguwarta, wadda ya rubuta takarda sau bakwai a zo a canza. Ya san abin da zai yi sunansa ɓarnar kayan gwamnati. Ya san saura wata takwas ya yi ritaya. Ya tsaya ya dubi gabas, inda sama ta yi baƙi ƙirin wajen Kumbashi. Sai ya tuttule bokitin duka, har da ƙwayoyin shinkafar da suka kwanta a ƙasa.

Da ya dawo, ɗakin na'ura shiru. Fitilu duka kore, reras, kamar ba abin da ya faru. Solomon na tsaye gaban kwamfuta, Manaja na bayansa.

"Tun yaushe rabon da ta kira?" in ji Haliru.

"Minti ashirin," in ji Manaja. "Wataƙila ta gaji."

"Marta ba ta gajiya. Injiniya, duba ka gaya masa."

Solomon bai juyo ba. Yatsansa na bin rubutun da ke gudu a gilashin kwamfutar. "Tana kira. Ga shi nan. Injinmu yana jin layin yana kakkatsewa, sai ya tura kiran Minna a nema masa wata hanya. Na Minna yana ganin fitilarmu kore, sai ya maido mana. Mu tura, su maido, har kiran ya faɗi." Ya ɗago kai. "Kuma rediyo ba zai buɗe ba, don injin bai yarda layin ya mutu ba. Me ka yi wa kebul ɗin?"

"Damina na kai masa. Bokiti ɗaya."

Manaja ya dafe kai da hannu biyu.

"Shaɗarorin huɗu," in ji Solomon a hankali, "suna ƙirga katsewar ne. In ta kai uku, su ce wa injin ya ɗauka layin ya mutu." Ya juyo. "Baba, wannan gyara ne mai kyau. Don me ba ka rubuta ba? Jimla ɗaya da ta isa. Da ban taɓa ba."

A nan ne abin ya ƙwace wa Haliru.

"In rubuta me? In rubuta cewa Raliya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya? Cewa a daminar casa'in da biyu haihuwa ta zo mata da gardama a Kumbashi, Marta ta kira neman motar asibiti tun hantsi har azahar? Ni ke bakin aiki ranar. A kujerar nan da kake tsaye kusa da ita nake zaune, ina ɓare gyaɗa, ina kallon fitilu kore. Da Raliya ta rasu, mijinta ya zo yana kuka, na rantse masa da Allah ba kiran da ya shigo. Na ce Marta ce ta yi sakaci. Wata biyu ina bin takardun injin kafin in gane. Kira arba'in da ɗaya, Injiniya. Na ƙirga. Wannan kake so in rubuta wa hedkwata, su buga masa hatimi?"

Solomon ya zauna, ya jawo takardar da injin ya fitar jiya daga aljihun tebur, ya fara mayar da shaɗarorin ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowane harafi sau biyu. Da ya buga ta ƙarshe, ba a yi minti uku ba fitilar Kumbashi ta koma ja, tarho ya yi ƙara. Haliru ya ɗauka.

"Sau shida ina kira ba ya shiga," in ji Marta. "Na ce yau kuma wa za a ce ya yi sakaci?"

"Ba kowa. An gyara."

"To. A gaida gida." Ta ajiye.

Manaja ya ɗauki takardar tuhumar ya yayyaga. Sannan ya ce, cikin muryar mai neman gafara, batun kebul ba zai ɓoyu ba, dole a aiko masu gyara daga Minna, dole su tambayi yadda ruwan wanke kwano ya shiga rami a ranar da ba a yi ruwa ba. Zai rubuta dakatarwa. Abin da hedkwata za ta yi da ritayar, wannan sai Allah.

"Rubuta," in ji Haliru. "Wannan dai na aikata. Ka ƙara da cewa yanzu dole su canza mahaɗar."

Da Manaja ya fita, Solomon ya gyara zama. "Ka faɗa, ni in buga. Bayanin aikin kawai. Sauran ba na injin ba ne."

Haliru ya faɗa, Solomon ya buga: abin da ruwa ke yi wa kebul, abin da injin ke zato, abin da zai faru in an goge. Bai kai shaɗara biyar ba. Haliru ya dubi abin da ya riƙe shi kaɗai shekara huɗu, ga shi kwance a gilashi, kowa na iya karantawa.

"Saura suna," in ji Solomon. "Doka ta ce lamba. Amma zan bar Raliya. In sun tambaya a Minna, ni zan amsa."

Haliru ya daɗe yana kallon haruffan shida.

"Cire," ya ce. "Sunan ne ya sa ka goge. Wani mai biro huɗu zai zo bayanka, shi ma ya ga mace. Sa masa lamba irin tasu, doguwa, wadda zai ji tsoron taɓawa."

Solomon ya goge sunan, ya buga lambar. Haliru ya ciro littafinsa mai baƙin bango daga aljihu, ya ajiye kusa da kwamfutar. Ya ɗauki bokiti ya fita. Mai tuwo na tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu, tana jiran bayani. Iska ta fara kaɗa ledoji a tsakar ofis.

"Ruwanki na zubar," ya ce mata. "Ki ajiye shi a waje, yanzu za a cika miki."